Babbar Rigar Kawu Sabi'u a Teku

Ku matso ku ji abin da aka yi a kan idona, ni da Legas kaf ba lungun da bai san takuna ba.

Kawu Sabi'u ya zo mana daga Ringim da saƙon tsohuwarsa: ruwan teku a jarka, za ta riƙa shafa wa gwiwa. Muka ɗauke shi a kwalekwale zuwa gaɓar nan da samari ke tsayuwa kan katako, igiyar ruwa tana gudu da su. Mu huɗu muka raka shi: ni, da Barau ɗan acaɓa, da Mati mai fataucin shanu, da Ila wanzami.

Ila ya ce, "Kawu, tuɓe rigar nan."

Ya ce, "A gaban matan mutane? Ɗan nan, ba ka da ta ido!"

Haka ya kutsa cikin ruwa da babbar riga. Igiya ɗaya ta zo, rigar ta sha ruwa ta yi nauyin buhun gero, teku ta ja shi ciki. Sai hula muke hange.

Barau, wanda ko a kududdufi bai taɓa iyo ba, ya fizgi katakon wani saurayi, ya kwanta a kai rub da ciki yana fafutuka kamar kwaɗo, har ya cafko wuyan rigar Kawu. Amma dawowa ta gagara, ruwa na neman haɗawa da shi.

Mati ya kwance igiyar da ba ta rabuwa da ƙugunsa, ya shiga har wuya, ya jefa ta yadda yake kama bijimi a kara. Ta zarge Barau a hammata, ya janyo su tudu.

Kawu dai ba numfashi. Ila ya zaro aska ya tsarge rigar, ya dinga danna ƙirji yana hura masa iska, har ya amayo ruwa ya yi salati.

Ni kuwa ina gadin takalma. Ba don na cika ciki da gurasa ba, da tuni na gama aikin ni kaɗai.

Bayan wata guda matar Kawu ta haifi namiji. Ya rantse sunan wanda ya ceci ransa zai raɗa wa yaron. Ga rago a ɗaure, ga liman a zaune, jariri kuma ɗaya ne.

To jama'a, sunan wa za a raɗa masa, Barau, Mati, ko Ila?