Tumbin Hakimi da Ƙwayar Koren Shayi

A wani gari an yi hakimi mai tumbi, wanda ya ji ana cewa ƙwayar koren shayi tana narkar da kitse. Ya saya a kemis ɗin Barau, yana kora ta da romon kan rago.

Da azumi ya ƙarato, hakimi ya sa aka kamo Barau aka kawo shi fada.

"Ƙwayarka ƙarya ce, tumbina na nan," in ji hakimi. "Ka nuna mini aikinta yanzu, ko in rufe shagonka."

Barau ya san in ya ambaci romo, ya zagi hakimi. Sai ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, mutum ba ya ganin kansa. Ga fadawa nan, kullum suna kallonka. Sun taɓa yi maka ƙarya?"

"Wa ya isa!"

"To wanda ya ga tumbi a jikin hakimi ya tashi ya nuna mana."

Kowa a fada ya sunkuyar da kai. Can Sarkin Fada ya yi gyaran murya.

"Wane tumbi? Ai jiya da ka fito, mun ɗauka ƙaninka ne!"

"Gaskiya ne!" fadawa suka amsa.

Hakimi ya shafa cikinsa. "To me ya sa kaftanina ya ƙi shiga?"

"Wannan kuma, ranka ya daɗe, ni ba ɗinki nake yi ba."

Aka sallami Barau, aka ce gobe ya kawo wata kwalbar. Dogari kuwa ya tafi kamo tela.