Sa Hannun Injiniya

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, injiniyan gini ne, kowa kuma Injiniya yake ce masa. Ba mashayi ba ne, ba mazinaci ba ne, bai taɓa cin haƙƙin lebura ba. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya gyara zama ya ce labarin ba nasa ba ne.

Aikinsa a kamfanin da yake shi ne, kafin a zuba kankare a saman bene, ya hau ya duba ɗaurin rodi, ya sauko ya duba katako da turakun da ke tallafe da shi, sannan ya sa hannu a takarda. In bai sa hannu ba, ko cikin shebur ɗaya ba a zubawa. An san shi da tsanani. Magina kan ce Injiniya ko surukinsa ba ya ɗaga wa ƙafa, kuma ba ƙarya suka yi ba, domin shugaban maginan yayan matarsa ne, wanda ya riƙe ta tun bayan rasuwar mahaifinsu. Sau biyu yana sa Yaya ya kwance aikin kwana uku. Yaya ya yi ta mita, amma a bayan ido yana alfahari da shi.

To, tun yana makaranta Injiniya yana son wasan gem, irin wanda ake bugawa a kwamfuta. Wata rana ya ga wata kwamfutar tafi-da-gidanka da aka ƙera musamman don wasa, kuɗinta ya kusa na ƙaramar mota. Ya yi wata uku yana kallon hotonta, yana tambayar kansa ko ta cancanci kuɗin. Kun san zuciya, in ta riga ta yanke hukunci, sai ta aiki hankali ya nemo mata hujja. Ya ce wa matarsa don zanen gini zai saya. Ta tambaye shi ko tsohuwar kwamfutarsa ta daina zane ne, ya ce nauyi gare ta. Da ta ji farashin sai ta yi dariya ta ce, to Allah ya sa tana wanki da guga.

Da guminsa ya saya, ba sata ya yi ba. Kuma ba zan ce muku kayan banza ya sayo ba. Abin da aka ce tana yi, tana yi. Zanen da tsohuwar ke shafe awa guda tana nishi kafin ta buɗe, wannan kafin ka kurɓi ruwa ta gama. Madannanta suna walƙiya kala-kala, hoton cikinta kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Ta rage masa awa biyu a kowace rana.

Ina awa biyun suka tafi?

Da farko a wasa suka tafi, ya ce ai ribar ƙafa ce. Daga nan sai ya fara jin cewa tunda ya kashe wannan uban kuɗi, asara ce ya bar ta a rufe. Ya samu abokan wasa huɗu a wasu ƙasashe, bai taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba, suka naɗa shi jagora. A wurin aiki ba mai yaba masa don bene bai faɗi ba. A can kuwa kowane minti ana masa kirari.

In ya ɗora abin ji a kunne, 'yarsa takan tsaya a bakin ƙofa da littafin makaranta har ta gaji ta juya. La'asar ta fara haɗuwa da magariba. Ya fara tafiya da kwamfutar ofis, yana rufe ƙofa lokacin hutun rana, hutun kuma yana ƙara tsawo. Sai ya ɓullo da dabara: maimakon ya je ya hau bene, sai ya ce kafinta ya ɗauko masa hotuna a waya. Ya yi sau ɗaya, ba abin da ya faru. Ya yi sau biyar, ba abin da ya faru. Ya 'yan uwa, Allah yana rufa wa bawa asiri don ya tuba, shi kuma sai ya ɗauka ƙwarewarsa ce.

Ranar da abin zai faru, an shirya zuba kankare a hawa na biyu na wani gini da ƙarfe goma sha ɗaya na safe. A daidai wannan lokacin ne kuma ƙungiyarsa za ta buga wasan ƙarshe na wata gasa. Yaya ya kira shi ya ce an yi ruwa kwana biyu, ƙasa ta yi laushi a gefen gabas, hankalinsa bai kwanta da turakun wajen ba, ya zo ya gani.

Injiniya yana zaune a ofis, abokansa suna jira. Tafiyar minti ashirin ce kawai. Ya dubi agogo, ya dubi allo. Sai ya ji bakinsa yana cewa, "Yaya, ai na biyo da sassafe kafin ku iso. Na gani, lafiya lau ne. Ku zuba." Ya sa hannu a takarda, ya ba direban kamfani ya kai, ya kife wayarsa a kan tebur.

Sun ci gasar. Yana cire abin kunne yana murmushi, ya juya wayar, ya tarar da kira ya fi ashirin.

Ana tsakar zuba kankare ruwan siminti ya fara ɗiga ta ƙasa, Yaya ya shiga ya ga inda yake yoyo. Turakun gabas suka nutse, benen ya rufto. Leburori biyu sun karye. Shi kuwa Yaya an zaro shi da rai, amma ƙashin bayansa ya taɓu. Likitoci suka ce ba zai sake takawa ba.

Da aka zauna bincike, ba a sha wahala ba. Maigadin ginin ya ce rabonsa da ganin Injiniya mako uku ke nan. Aka kore shi, aka karɓe takardar izinin aikinsa, magana ta tafi kotu. Matarsa ba ta yi masa ihu ba, shi kuwa ya so a ce ta yi. Ta haɗa kayanta da na 'yarta ta ce za ta je jinyar wanda ya raine ta. Ba ta ce ga ranar dawowa ba, shi ma bai iya tambaya ba.

Sai da ya yi kwana tara kafin ya iya taka asibitin. Ya durƙusa gefen gado, ya kasa haɗa ido da shi. Yaya ya ce, "Da cewa ka yi ba ka samu zuwa ba, wallahi da na hana a zuba. Ni ban yarda da turakun nan ba. Da kai na yarda."

Ya 'yan uwa, kada wani ya tashi daga nan ya ce malam ya haramta kwamfuta, ko ya haramta hutu. Mutumin nan ya yi wata uku yana tambayar ko abin ya cancanci kuɗinsa, bai taɓa tambayar me zai ci bayan kuɗin ba. Duk abin da ka shigo da shi gida yana da ciki. Wani wutar lantarki yake ci, wani lokaci, wani salla. In ka ƙyale shi, wata rana gaskiyarka zai nema, kuma da bakinka za ka miƙa masa.

Kowannenmu akwai mai shiga ƙarƙashin bene saboda maganarsa. Direba yana da fasinja, mai magani yana da majinyaci, uba yana da 'ya'ya. Wa ya jingina da kai yau? Kuma me ke hannunka lokacin da ya kira?

Ya Allah, kada ka bar abin da muka mallaka ya mallake mu. Ka ba mu ikon riƙe amana a inda ba mai ganinmu sai kai. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye waɗanda suka yarda da mu. Amin.