Dogo da Kajin Hajiya Azumi

Akwai wani dattijo a garin Tawa, sunansa Malam Ma'azu. Tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekaru yana kai da komo tsakanin Tawa da Agadas har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa maza biyu suna Abijan wajen nema, sai dai gaisuwa ta waya. Gida ya yi masa girma.

Wata ranar kasuwa wani tsohon amininsa, Moussa, Buzu makiyayi daga arewacin Takanamat, ya kawo masa ɗan kwikwiyo. Irin karnukan nan ne na Buzaye masu dogayen ƙafafu da shafaffen ciki, kai ka ce ba su taɓa cin abinci ba. A wajensu ba a sayar da irin wannan kare, sai dai a ba wanda aka yarda da shi.

Malam Ma'azu ya sa masa suna Dogo. Yana dama masa fura da nono, yana cire masa kaska, in ya zauna a inuwa da rediyonsa yana ba shi labarin hanyar Agadas. Karen ba ya gane komai, amma yana saurare, kuma tsohon abin da ya rasa ke nan.

Da Dogo ya girma sai fitina ta tashi. Katangar da ke tsakanin gidan da na Hajiya Azumi ba ta kai komai ba a wajensa, tsalle ɗaya yake yi. Ita kuwa Hajiya Azumi gwauruwa ce, da ƙwan kajinta take cefane.

Kaza ta farko da Dogo ya kashe mata, Malam Ma'azu ya je ya ba da haƙuri, ta haƙura. Da aka yi ta biyu sai ya kai kuka wajen taubashinsa Ciɗo, mutumin da ba a taɓa tambayarsa abu ya ce bai sani ba.

"Kai da kat tuƙa mota mai taya goma, ɗan kare ya buwaye ka?" in ji Ciɗo yana dariya. "Ɗauki mushen kazar ka rataya mishi ga wuya har ta ruɓe, ka haɗa mishi da sanda. Haka kakanninmu ka yi."

Malam Ma'azu ya bi shawara. Ya ɗaure kare a gindin bishiyar bedi da mushe a wuya, ya zane shi. Gida ya cika da wari da ƙuda. Dogo ya daina ci, in ya ji takun maigidansa sai ya maƙale a jikin bango yana karkarwa. Tsohon ya rasa abokin hira, ya koma cin abinci shi kaɗai, abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Da aka kwance shi, mako bai zagayo ba ya kashe kaza ta uku.

Wannan karon Hajiya Azumi ba ta tsaya sauraron haƙuri ba, ta yafa mayafi sai gidan mai unguwa.

"Ko ni ko karen ga, ɗaya shi bar unguwar ga," in ji ta a gaban kowa. "Malam Ma'azu, ka san da mi nika ci."

Mai unguwa ya yanke magana. A ba tsoho lokaci har a gama shigo da gero. Bayan nan za a saki karen a gaban kaji, jama'a na kallo. In ya taɓa ko gashi guda, a fitar da shi daji a harbe.

Malam Ma'azu ya koma gida jiki a sanyaye, ya kira Moussa a waya ya faɗa masa komai, har da zancen mushen.

"Ma'azu, ka ɗauki abin da Allah yay yi don gudu ka rufe cikin gida awa tunkiya," in ji Moussa. "Mu tun suna ƙanana muka kwantar da su cikin 'yan awaki, shi ya sa ba su taɓa su. Ka hita da shi shi yi gudu har shi gaji. Ka ba shi abinci shi ƙoshi. Sannan ka zamna da shi kusa ga kajin. Kullum, ba hutu."

"Har yaushe?"

"Har shi gane. Kuma ka aje sandar nan."

Faɗar abin da sauƙi. Kowace safiya bayan sallar asuba tsohon yana jan ƙafa har bayan gari, inda gidaje suka ƙare gonaki suka fara. Can zai kwance igiya, Dogo ya zuba da gudu har ya zama ɗan ɗigo, shi kuwa ya zauna a kan dutse yana matsa gwiwa. Sai da aka ɗauki kwanaki kafin karen ya yarda ya dawo da kansa in an kira shi, don bai manta dukan ba.

Abin da ya fi tafiyar wuya shi ne zuwa roƙon Hajiya Azumi. Kajinta ne ya kamata karen ya saba da su, ba wasu ba. Dattijo da furfurarsa ya tsaya a ƙofar matar da ta kai shi ƙara, ya ce ta taimaka ta riƙa watsa wa kajin tsaba a bakin ƙofa, shi kuma ya zauna da karen a gefe.

Ta dube shi sama da ƙasa.

"Bakin ƙohwa dai, ba cikin gidana ba. In kuwa bakinai ya taɓa min ƙwarya, kai za ka wanke ta sau bakwai, ba ni ba."

Haka aka fara. Kullum da hantsi za ka ga Malam Ma'azu zaune a lungu, igiya naɗe a hannu, kaji na tsattsaga a gabansa. In Dogo ya miƙe sai ya ce, "Kwanta." In ya kwanta sai ya shafa kansa ya ba shi ɗan ɓawon cuku. Ya miƙe, kwanta. Ya miƙe, kwanta. Wallahi ko mai kallo sai ya gaji.

Ciɗo kuwa ya samu abin yi. Duk wucewa sai ya tsaya.

"Sannu malamin makaranta! Yaushe ɗalibinka za shi karɓi takarda?"

Akwai safiyoyin da tsohon ya kwanta yana jin ba zai iya tashi ba, yana cewa a ransa, a kan kare nake wannan wahala? Sai ya ji Dogo yana shinshinar ƙofar ɗaki, ya lallaɓa ya nemi takalmi.

Wata rana, ana tsammanin an fara samun kan Dogo, wani zakara ya yi fiffike a gaban hancinsa. Dogo ya zabura da ƙarfinsa duka. Igiya ta yanki tafin tsohon, ya kife a kan gwiwoyinsa a tsakiyar lungu. Zafi ya hau masa kai, ya rarumi sandar da yake dogarawa ya ɗaga sama. Karen ya lafe a ƙasa ya rufe ido.

Hannun ya daɗe a sama, sannan ya sauko a hankali. Ya goge jinin a rigarsa, ya ce, "Kwanta, Dogo." Suka ci gaba daga inda suka tsaya. Hajiya Azumi tana tsaye a zaure da ƙwaryar tsaba, tana kallon komai.

Da aka gama shigo da gero, mai unguwa ya zo da mutane, Ciɗo a sahun gaba. Aka kwance igiya. Hajiya Azumi ta watsa tsaba, kaji suka fito da gudu suka kewaye karen.

Dogo ya miƙe, jikinsa duk yana rawa. Wata kaza mai 'yan tsaki ta buɗe fukafukai ta kai masa sara a hanci. Karen ya dubi kazar, ya juyo ya dubi maigidansa.

"Kwanta," in ji Malam Ma'azu, a hankali.

Dogo ya ja da baya, ya zagaya bayan ƙafafun tsohon ya kwanta, ya ɗora haɓa a ƙasa. Jama'a suka fashe da dariya, Ciɗo ya ce ai dama ya san za a yi haka.

Mai unguwa ya juya wajen mai ƙara. "To Hajiya, mi kin ce?"

"A bar mishi karenai," in ji ta. "Ni tun ranar da nig ga tsoho ƙasa, jini ga hannu, sanda sama, kuma bai buga ba, na janye ƙarata cikin raina. Na bari dai ku ma ku gani."

Malam Ma'azu ya zauna nan cikin ƙasa da kashin kaji, ya rungume wuyan karensa yana hawaye, bai damu da wanda ke kallo ba.

Darasi: Duka yana koya wa dabba tsoronka ne kawai, ba ya koya mata abin da kake so. Gyaran hali aiki ne na kullum, mai gajiyarwa, kuma wanda ya iya riƙe hannunsa lokacin da ransa ya ɓaci shi ke cin ribarsa. In Allah ya ba ka amanar wani mai rai, kare ne ko yaro, ka fara sanin abin da yake bukata kafin ka hukunta shi. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai wanda sandarsa ke sama yanzu haka.