Hankaka a Allon Shagon Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo, kunnuwanmu na jira.

Bushiya ce ta buɗe shagon wanki da guga, ta sa aka zana mata Hankaka a jikin allon shagon. Maƙwabcinta Dila ya ce, "Haba Bushiya! Mai gaba fari baya baƙi? Wa zai ba ki amanar rigarsa? Goge shi ki sa Balbela."

Ta ce, "Ba zan goge ba, Malam Dila."

Kasuwa ta ci ta watse, ko ɗankwali ba a kawo mata ba. Dila ya dawo yana dariya. Bushiya ta miƙe ƙayoyinta, ta ɗaga murya kowa ya ji: "Hankaka a juji yake wuni! Wa ya taɓa ganin ɗigon datti a ƙirjinsa? Irin wankina ke nan."

Dabbobi suka duba, ashe gaskiya ne. Kaya suka yi ta zuwa. Har Dila ya lallaɓo da rigarsa, duk jinin kazar mutane.

Bushiya ta ce, "Rigar za ta fita. Halin ne ba ni da sabulunsa."

Ƙurunƙus kan kusu! Mai musu ya je juji ya duba.