Kyaftin Ɗin da Ya Kashe Inji Mai Lafiya

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan gabashin tsibirin Jawa, malami a wata makarantar koyon tuƙin jirgin sama. Ba zan kama sunansa ba, yana raye, mu ce masa Kyaftin. Gwani ne, ba musu, amma girman kai ya yi masa katutu.

Jirgi mai inji biyu, in ɗaya ya lalace a sama, kashe shi ake yi, ɗayan ya sauko da ku. Amma ƙa'ida ce kafin a kashe, matuƙi ya ɗora hannu kan makashin, na gefensa ya duba ya ce, "Shi ne." Mutumin nan ya soke ƙa'idar a jirginsa. Wai shi ɗalibi zai duba wa aiki?

Cikin ɗalibansa akwai Danang, magidanci mai 'ya'ya biyu. Sau ɗaya tak Danang ya gyara wa Kyaftin kuskure. Sai Kyaftin ya tsare shi a ɗakin cin abinci ya ce, "Kai da jiya kake haya da babur, ni za ka koya wa? Cinye shinkafarka, bakinka abin da ya iya ke nan." Aka kwashe da dariya.

Wata safiya sun tashi su biyu, Danang ke tuƙi, ko nisa ba su yi ba injin hagu ya yi tari, jirgi ya karkace. Kyaftin ya ce, "Cire hannunka!" Cikin gaggawa ya damƙi makashin injin dama, Danang yana kallo. Ya kashe mai lafiyar.

Gonar shinkafa suka faɗa. Danang ya karye a hannu. Kyaftin kuwa ƙashin bayansa ne ya tafi, ba zai sake takawa ba.

A asibiti ya tambayi Danang, "Ka gani?"

"Na gani, Kyaftin."

"Me ya hana ka magana?"

Danang ya fashe da kuka. "Wallahi na buɗe baki, murya ta ƙi fita. Wata shida ina koyon yin shiru a gabanka."

To, wa ya karya bayan nan? Inji? Inji ɗaya ne ya lalace, jama'a. Na biyun girman kai ne ya kashe shi. Kai mai gida, kai shugaba, in ka wulaƙanta na ƙasa da kai har ya daina gaya maka gaskiya, ran da za ka halaka yana tsaye yana kallo.

Allah ya kiyaye mu da girman kai, ya bar mana masu iya ce mana mun yi kuskure.