Sharaɗin da Maharazu ya ƙi

Akwai wani mutumin Kaikai ta ƙasar Kusada, sunansa Maharazu, wanda aiki ya kai shi Fatakwal ya kuma riƙe shi a can. Shi ne ɗan fari a wurin mahaifiyarsa, kuma kun san tsofaffinmu da kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa. In maganarsa ta kama, sai ta ce "wancan". Shi ma bai tashi yana ce mata Inna ba, Adda yake cewa, yadda ya ji ƙannenta suna kiranta.

Abin nan ya daɗe yana cin sa a rai. In ya zo hutun sallah ya durƙusa ya gaishe ta, sai ta amsa tana kallon gefe, ta shiga hira da ƙannensa. Mutum ne da furfura a gemu, amma har lokacin yana jiran ranar da za ta dube shi ta ce ta yi kewarsa.

Ana haka hawan jini ya kayar da Adda, ɓarin jikinta ya shanye. Ƙanwarsa Ummusalma, da ke aure a Kankia, ta yi ta zirga-zirga tsakanin gidanta da Kaikai, ga tsohon ciki. Autansu kuwa namiji ne, ba zai yi wa uwa wanka ba. Sai aka yanke shawarar a nemi masu kula da tsofaffi a gida. Maharazu ya ɗauki hutu ya zo don ya zaɓa da kansa.

Wuri biyu aka nuna masa. Na farko wani kamfani ne a Katsina, ofis mai sanyi, ma'aikata cikin fararen kaya. Manajan ya tarbe shi da fara'a.

"Alhaji, ka kwantar da hankalinka. Wanka, magani, abinci, duk a wuyanmu. Kullum za ka ga hotonta a wayarka. Ba ma sai ka zo ba."

Na biyu ɗan shago ne a Kankia, na wata Hajiya Amatullah, nas ce da ta yi ritaya, ta tara mata tana koya musu jinya. Ita ta ce ba ta karɓar aiki sai ta ga tsohuwar sun zauna su biyu. Suka tafi Kaikai tare, ta shiga ɗaki ta saki labule. Tun hantsi, ba ta fito ba sai da aka kira azahar.

"Malam Maharazu, za mu yi aikin," in ji ta. "Amma da sharaɗi. Mu wanka da magani muka iya. Kai kuma za ka riƙa zuwa, ko wata-wata ne, ka zauna inda za ta gan ka."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ni, Hajiya? Matar da ko kallona ba ta yi? Mi ta ce maki?"

"Abin da ta ce mani amana ne. Ni dai na faɗa maka sharaɗina."

Ransa ya ɓaci. "Aiki na zo in ba ki, ba wa'azi na zo ji ba."

Washegari ya ba kamfanin Katsina aikin, ya kama hanyar Fatakwal. Kada ma ku zage shi, da yawanmu haka muke. Wanda ya ce mana ba sai mun zo ba, shi muke gani ya iya aiki.

Tsakani da Allah, kamfanin bai yi ha'inci ba. Hotuna suna zuwa kullum. Adda cikin wankakken zane, gado a gyare, magani a kan lokaci. Sai dai masu jinyar canja su ake yi. Kafin ta saba da hannun wannan, an kawo wata. A hankali ta rage magana, daga baya ta rage ci.

Maharazu yakan zauna a ofis ya buɗe hoton, ya ja shi da yatsa har fuskarta ta cika wayar. Irin kallon da bai taɓa samun damar yi mata ido da ido ba, a nan yake yin sa. Ya lura a kowane hoto idonta wuri ɗaya yake, wajen ƙofa. Kewarta ta dame shi, amma girman kai ya hana shi motsi.

Damina ta shiga, ta fita. Ran nan Ummusalma ta kira shi tana kuka.

"Yaya, Adda na ƙarewa. Kuma wallahi ba ciwon ba ne. In aka yi sallama a zaure sai ta ɗago kai, in ta ji muryar sai ta maida shi."

"Auta take jira," ya ce.

"Auta kullum shina nan, Yaya. Ni ma ina nan. Kai kaɗai ne ba ka nan."

A makon ya hau mota.

Bai wuce Kaikai kai tsaye ba, sai da ya tsaya a Kankia ya ba Hajiya Amatullah haƙuri. Ba ta tuna masa da maganar baya ba. Ta haɗa shi da wata Fauziyya, dattijuwa daga Sukuntuni, ta ce ita kaɗai za ta riƙa kula da Adda, ba canji.

"In kun isa, ka gaishe ta ka samu wuri ka zauna," ta ce masa. "Kada ka jira hira. Zaman kawai."

Da suka isa Kaikai, ya tarar Adda ta rame ƙwarai. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa a hankali, ta juya fuska bango kamar kullum. A da, nan yake tashi ya fita. Wannan karon ya shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa ya zauna.

Fauziyya ta dama kunun tsamiya ta kawo. Adda ta sha, ta sake sha, har ta ga ƙasan kwano. Ummusalma ta fita tsakar gida tana share ido da gefen mayafi.

Haka ya yini, ba ta ce masa komai ba, shi ma bai ce ba. Bayan la'asar ya matso ya ce, "Adda, gobe in Allah ya kai mu zan koma, ban ɗauko hutu mai tsawo ba."

Can tsohuwar ta kamo hannun Fauziyya da hannunta mai lafiya, fuskarta na bango.

"Ke 'yar nan, tambayar mani wancan. Halan dole ne ya tahi gobe?"

Maharazu ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan tabarma. Da ya ɗago, shi ma Fauziyya ya duba.

"Ki ce mata ba dole ba ne."

Darasi: In za ka nemi mai kula da tsohonka, kada ka zaɓi wanda zai ɗauke maka zuwa gida, zaɓi wanda zai zauna ya san halin tsohon, ya kuma faɗa maka gaskiya ko ba ta yi maka daɗi ba. Ana ɗaukar mai wanka da mai ba da magani, amma ba a ɗaukar wanda zai zama ɗa a madadinka. Shirun iyayenmu ba rashin so ba ne. Ku tura wannan labari ga ɗan'uwan nan da ya daɗe bai leƙa gida ba, tun iyayen suna da rai.