Takalmin da Ke Ƙarƙashin Tebur

Ɗan ƙanena ba ɓarawo ba ne, wannan zan fara faɗa. Bai taɓa karɓar cin hanci a hannun kowa ba. Ciwonsa ɗaya ne, ba ya son taɓo ya taɓa masa ƙafa. Tun yana ƙarami ake kiransa Ɗan Ƙwalisa, kuma sunan ya bi shi har ofishin ƙaramar hukuma, inda ya samu aiki a sashen ba da izinin baje fili.

Na yi shekara ashirin da biyu ina share wannan ofishi. Ban iya karanta takardunsu ba, amma na san aikin. Duk mai son katafila ta shiga filinsa ta baje tudu ko ta cike kwari, sai jami'i ya je ya duba. Dokar ba ta da wuya. A haƙa rami uku, kowanne zurfin gwiwa, a bar su su kwana, washegari a koma. In ruwa ya taru a ciki, ko ƙasar ta fito toka-toka tana danƙo, to fadama ce, ba a taɓa ta. Don haka ne ofis ya ba kowane jami'i takalmin roba mai dogon wuya. Nasa yana ƙarƙashin tebur. Kullum sai na ɗaga shi na share na mayar, har gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa.

Wata shekara da rani, wani mai manyan motoci ya nemi izinin cike kwarin da ke bayan layin da mahaifiyar Ɗan Ƙwalisa take zaune, a gidan da marigayi ƙanena ya gina da hannunsa. Yaron ya je duba filin cikin farin takalminsa. Direban ofis ne ya gaya min bai ko buɗe ƙofar mota ba. Ya sauke gilashi, ya ga ƙasa ta bushe har ta tsage, ya sa hannu.

Bayan kwana huɗu mai tuƙa katafilar ya zo ofis da kansa, dattijo ne, riƙe da dunƙulen ƙasa a cikin leda. Ya ajiye a kan teburin yaron.

"Ranka ya daɗe, dubi abin da bakin katafilata ya tono. Sama ce kawai ta bushe. Ƙasa jiƙe take, har da ɓawon dodon koɗi."

"Baba, ɗauke min wannan daga kan takardu. Izini yana hannunka ko ba ya hannunka?"

"Yana hannuna."

"To mene ne kuma?"

Dattijon ya ɗauki ledarsa ya fita. Na jingine tsintsiya na ce, "Kai, duk ruwan layin uwarka can yake kwana. In aka cike, ina kake so ya je?"

Ya yi dariya. "Goggo, yaushe aka ba ki kujerar injiniya ban ji ba?"

"Ramin nan uku, ka haƙa?"

"Ido ma ma'auni ne, Goggo. Ke da tsintsiya, ni da biro. Kowa ya riƙe nasa."

Na ce masa idonsa bai kai zurfin gwiwa ba. Ya duƙa yana goge bakin takalminsa da hankici.

Aka cike kwarin, aka daɓe shi, ya fi layin tsawo. Ruwan farko da na biyu ba su yi komai ba. Na uku ya sauko da rana tsaka, bai tsaya ba sai yamma. Ruwa ya gangara inda ya saba, ya tarar an toshe, ya juyo cikin layi. Gida tara ya shiga. Na ƙanena ne a ƙarshe, shi ya fi sha. Maƙwabta suka ɗauko tsohuwar, mahaifiyar yaron, a kan kujera, ba su kai bakin titi ba bangon ɗakinta ya zauna, rufin ya biyo shi.

Da mutanen layin suka kai kuka, shugaban sashe ya kira Ɗan Ƙwalisa. Ina goge taga a lokacin. Yaron ya ce ya haƙa ramukan, bai ga ruwa ba. Shugaban bai yi musu da shi ba, ya juyo gare ni.

"Goggo, ɗauko min takalmin aikinsa."

Yaron ya dube ni. Jinina ne, ni na goya shi ranar da aka binne ubansa. Amma na je na ɗauko. Shugaban ya juya ƙasansa sama. Takardar kanti tana manne a jiki, ko ƙura ba ta yi ba. A makon nan aka sallame shi, aka kuma ba da umarnin a kwashe ƙasar da aka zuba. Kwari ya dawo. Gidan bai dawo ba.

Washegarin sallamarsa muka je tono abin da ya rage na gidan. Tsohuwar tana zaune a kan wani bulo, ta ji komai a bakin maƙwabta. Yaron ya tsaya a bakin taɓon ya kasa kallonta. Ta dubi ƙafarsa, ta ce a hankali, "Tsaya daga nan, ɗana. Kada takalminka ya ɓaci."

Ya tuɓe shi ya shiga, taɓo har gwiwa. Daidai zurfin da aka ce ya haƙa.

Ku da aka ba amanar sa hannu, ku ji ni. Ba sai mutum ya ci haram yake rusa gidan mutane ba, ƙyuya kaɗai ta isa. In doka ta ce ka sauka ka duba, ka sauka ka duba, ko da kana ganin ka sani. In na ƙasa da kai ya kawo maka hujja a leda, ka buɗe ledar. Kuma fadama ba filin banza ba ce, masaukin ruwa ce. Duk wanda ya ba da izinin a kore shi daga can, ya sani a ɗakin wani zai sauka, kuma ba shi zai zaɓi ɗakin ba.